Aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama: tambayoyi da amsoshi kan ƙwarewa da halin da ake nema

Waɗannan su ne tambayoyin da matasa masu sha'awar aikin da iyayensu suka fi yi. Ƙa'idodin da muka kawo na ICAO ne, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Kowace ƙasa na iya ƙara nata sharuɗɗan a kai, amma ba a so ta gaza su.

Wai mai wannan aiki, wato kwanturolan jirage, shi ne mutumin nan da ke ɗaga wa jirgi sanduna a fili?

A'a. Wancan ma'aikacin ƙasa ne da ke nuna wa matuƙi inda zai ajiye jirgi. Kwanturolan jirage yana zaune ne a ɗaya daga wurare uku. Akwai na hasumiya, wanda ke kallon titin jirgi da idonsa yana ba da izinin tashi da sauka. Akwai na sashen kusantowa, mai jera jiragen da ke dosar fili ɗaya bayan ɗaya, ya kuma raba su da masu tashi. Sai na cibiyar yanki, wanda ke riƙe da jiragen da suka yi nisa a sama, har da masu ratsa ƙasar ba tare da sun sauka ba. Na biyu da na uku yawanci suna cikin ɗaki ne gaban allon rada, na'urar da ke nuna inda kowane jirgi yake a sama, suna iya gama yini ba su ga jirgi da ido ba.

A Najeriya hukumar NAMA ce ke wannan aiki, cibiyoyinta na yanki suna Kano da Legas, hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama kuma ke ba da lasisi. A Nijar da Chadi da Kamaru ASECNA ce, hukumar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Afirka. Kowane sashe da nasa izinin da ake rubutawa cikin lasisi, don haka ƙwararre a hasumiya ba zai zauna gaban rada ba sai ya sake horo.

Cikin duk abin da ake nema, wanne ne kan gaba?

Iya riƙe hoton sararin sama a ka. Allon rada a shimfiɗe yake, yana nuna gabas da yamma, kudu da arewa, amma tsayin jirgi lamba ce kawai a gefen ɗigo. Kai ne za ka ɗaga waɗannan lambobi a zuciyarka ka ga wane ne sama, wane ne ƙasa, wane ke hawa, wane ke gangarowa. Kuma inda jirgi yake yanzu ba shi ne abin damuwarka ba, sai inda zai kasance nan da minti uku ko biyar, da wanda zai tarar a can.

Tazarar da ake karewa sananniya ce. A tsaye ƙafa 1,000 ce tsakanin jirgi da jirgi har zuwa tsayin ƙafa 41,000 ga jiragen da aka amince da na'urorinsu, daga nan sama kuma ƙafa 2,000. A kwance, idan da rada, mil 5 na teku ne, ana iya ragewa zuwa 3 kusa da wasu filayen. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Ƙaramin jirgi da ke bin babba wajen sauka ana ba shi mil 6, saboda guguwar da fukafukan babban ke bari a baya tana iya kifar da shi.

Wannan hoto yakan ɓace, kuma ta hanya mai sauƙi. Kana shirin ba jirgi izinin gangarowa sai waya ta yi ƙara, ka amsa, ka dawo da tunanin ka riga ka bayar alhali ba ka bayar ba. Ko ka ce wa jirgi ya hau titi ya jira, hankalinka ya tafi wani wuri, ka manta da shi. Haka ta faru a Los Angeles ranar 1 ga Fabrairu 1991 da dare: an ba Boeing 737 izinin sauka a titin da wani ƙaramin jirgi ke zaune yana jira, fiye da mutum 30 suka rasu. Shi ya sa ba a yarda da ƙwaƙwalwa ita kaɗai. Kowane jirgi yana da 'yar takardarsa mai ɗauke da sunansa, nau'insa, tsayinsa da lokutansa, ta hannu ko ta kwamfuta, kuma ƙa'ida ita ce baki na faɗa hannu na rubutawa, ba a cewa sai an jima. Idan an hau titi, ko da motar duba fitilu ce, ana sa alama a gaban mai hasumiya har sai an sauka. Mai tsantseni a irin waɗannan ƙananan abubuwa ya fi mai kaifin basira da ke ganin ya fi ƙarfinsu.

Ni ban ƙware a lissafi ba. Na haƙura ke nan?

Ba lissafin jami'a ake yi a kan kujera ba. Na ka ne, mai sauƙi, amma cikin daƙiƙa biyu kuma kana magana da wani. Ga irinsa.

Gudun jirgi ana auna shi da not, wato mil na teku a awa. Raba da 60 ka samu na minti: not 480 mil 8 ne a minti, 420 mil 7, 240 mil 4. Jirage biyu masu fuskantar juna, kowanne na gudun 480, suna cinye mil 16 a minti. In tazararsu mil 40 ce, minti biyu da rabi ke gare ka, kuma a ciki ne za ka yi magana, matuƙi ya maimaita, jirgin ya fara juyawa. Na baya yana 460, na gaba yana 400: bambancin 60 ne, yana cin mil ɗaya kowane minti, don haka tazarar mil 15 za ta koma 5 cikin minti goma. Wajen gangarowa ana ƙiyasta mil 3 ga kowace ƙafa 1,000, ke nan jirgin da ke ƙafa 35,000 yana bukatar kimanin mil 105. Wanda ya riƙe shi a sama har ya rage mil 60 ya jawo wa kansa da matuƙi aikin kewaye.

Sai alƙibla. Kewaye digiri 360 ne, kishiyar kowace fuska ƙari ko ragin 180. Lambar titi alƙiblarsa ce da aka cire wa sifilin ƙarshe, shi ya sa titin Kano mai lamba 06 shi ne 24 idan ka fito ta ɗaya bakin, na Abuja 04 da 22. Agogo kuma na UTC ake bi, wato agogon bai-ɗaya na duniya: ƙarfe 2 na rana a Kano ko Yamai, 1300 ne a bakin kwanturola. Duk wannan ana koyonsa da maimaici. Wanda ke rikicewa tsakanin hagu da dama idan jirgi na fuskantarsa a allo, shi ne ke da aiki a gabansa, domin hagun da za ka faɗa na matuƙi ne, ba naka ba.

Wane irin Turanci ake so?

ICAO ta kasa iya harshe mataki shida, mafi ƙarancin abin karɓa shi ne na 4. Ana duba abu shida: lafazi, ginin jimla, yawan kalmomi, gudanar magana, fahimta, da iya musayar zance. Matakin da ka samu shi ne na fannin da ka fi rauni, ba a haɗawa a raba. Mai mataki na 4 yakan sake jarrabawa duk shekara 3, na 5 duk shekara 6, na 6 ba ya sakewa.

Ba a ce ka yi magana kamar ɗan Landan ba. Ana so matuƙi ɗan Turkiyya ko Habasha ya gane ka a karo na farko, ta rediyo mai ƙara. Ga Bahaushe, wurin da aka fi tuntuɓe shi ne bambanta p da f, da v da b, kuma haruffan rediyo, wato kalmomin da ake kiran kowane harafi da su, suna da Papa, Foxtrot, Victor da Bravo. Gyara ne na makonni ga wanda ya sa kai. An ma sauya lafazin wasu lambobi don kauce wa ruɗani: 3 ana cewa "tree", 5 "fife", 9 "niner". A ƙasashen ASECNA ana jin Faransanci da Turanci a zango ɗaya, to can sai ka iya duka biyun.

Jimlolin aiki a haddace suke, kuma a ranar da komai ke tafiya daidai sun isa. Turancin gaske ana bukatarsa ne ranar da matuƙi ya ce fasinja na naƙuda, ko ƙafar jirgi ta ƙi fitowa, abin da babu shi a littafin jimloli. A Janairu 1990 wani jirgin Avianca ya faɗi kusa da New York bayan mai ya ƙare masa, mutum 73 suka rasu. Matuƙan sun faɗi cewa mai na ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar ayyana gaggawa ba. Kwanturola mai kunne yakan tambaya kai tsaye: man naka na minti nawa ne?

Me ya sa matuƙi ke maimaita duk abin da aka gaya masa?

Domin nan ne ake kama kuskure. Tsayi, alƙibla, gudu, lambar titi, lambar da rada ke gane jirgi da ita, awon iska na saita ma'aunin tsayi, da duk izinin hawa titi ko tsallaka shi, dole matuƙi ya maimaita su. Aikinka kuma ka saurara da gaske. Matsalar ita ce kunne yakan ji abin da yake tsammani. Ka ce awon iska 1003, ya maimaita 1013, kai kuma hankalinka ya riga ya tafi ga jirgi na gaba. Wannan bambancin goma yana sa ma'aunin tsayinsa ya yi kuskuren kusan ƙafa 280, ya zaci yana sama da inda yake. Cikin hazon Disamba a Kano, lokacin da ba ya ganin ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma sunaye masu kama, kamar jirage biyu na kamfani ɗaya masu lamba 412 da 421 a zango ɗaya. Ana sanar da duka biyun, a riƙa jan lambar a hankali. Sannan rediyon mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda: idan biyu suka danna tare, ƙara kawai ake ji. A Tenerife ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu samfurin Boeing 747 na KLM da Pan Am suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Na KLM ya fara gudu yana zaton an ba shi izini, kuma saƙonnin da za su iya tsayar da shi sun hau kan juna. Tun bayan nan ba a furta "take-off" sai a cikin izinin tashi kansa ko soke shi.

An ce mai kunya ba ya iya aikin. Gaskiya ne?

Mai kunya a gida yana iyawa, muddin zai bar ta a bakin ƙofa. Wannan ya shafe mu sosai, domin tarbiyyarmu ta ginu a kan kara da girmama na gaba. A kan zango, yarinya 'yar shekara 24 za ta ce wa kyaftin sa'an mahaifinta ya tsaya inda yake, ta ƙi masa tsayin da ya nema, ba tare da "don Allah" ko dogon bayani ba. Ba rashin ladabi ba ne, gajarta magana ita ce ladabin wurin, don akwai wasu goma na jiran su yi magana. Idan babban jirgi mai ɗauke da manya ya matsa a sa shi gaba, sai dai a bi abin da ƙa'ida ta tanada.

Abin da ya fi wannan wuya shi ne cikin ɗaki. Ka hango ogan da ya koyar da kai ya ba jirage biyu tsayi ɗaya, dole ka faɗa nan take, da ƙarfi, a gaban kowa. Kai ma idan aiki ya fi ƙarfinka, ka ce a raba maka sashen ko a dakatar da masu tashi, tun kafin ka nutse. Idan ka yi kuskure aka rasa tazara, ka gyara, ka sanar da mai kula da ɗaki, ka rubuta rahoto. Ana naɗar duk maganganun rediyo da hotunan rada, ɓoyewa ba ta ma yiwuwa. Mai girman kai da mai yawan kara, duk hanya ɗaya suke ɓacewa: kowannensu yana yin shiru a inda ya kamata ya yi magana.

Idan jirgi ya shiga matsala, me ake so kwanturola ya yi?

Matuƙi zai ce "Mayday" sau uku idan rai na cikin haɗari, ko "Pan-pan" sau uku idan abin na gaggawa ne amma bai kai can ba. Yana iya sa lamba a na'urarsa: 7700 matsala ta gaggawa, 7600 rediyo ta mutu, 7500 an yi fashin jirgi. Zangon gaggawa na duniya 121.5 ne.

Kai kuma ka amsa ka ji, ka kawar da sauran jirage daga hanyarsa, ka sa zango ya yi shiru, ka sanar da mai kula da ɗaki da 'yan kwana-kwana. Ka ba shi fili mafi kusa, titi da yanayin iska. Ka tambayi adadin mutanen da ke ciki da sauran mai. Daga nan ka ƙyale shi. Sabon hannu yakan cika matuƙi da tambayoyi don ya ji yana taimakawa, alhali mutumin na fama da injin da ya kama wuta. Murya kuma kada ta sauya, domin tsoro yana bin rediyo ya isa ga kowa. Natsuwar nan rabinta hali ne, rabinta kuma atisaye a na'urar kwaikwayo har hannu ya saba.

Ranakun da suka fi gwada mutum ma ba na Mayday ba ne. Yammacin damina ne, hadari ya tokare hanya, kowane jirgi na neman kaucewa ta kafa ɗaya. Ko lokacin jigilar alhazai ya haɗu da ƙura, jirage na kewaye a sama an jera su ƙafa 1,000 tsakani, kowanne da iyakar man da zai iya jira kafin ya karkata wani fili.

Ai yanzu na'urori ke yin komai, ko ba haka ba?

Suna taimakawa, suna kuma mutuwa. In rada ta ɗauke, ana komawa raba jirage da agogo da rahoton matuƙa: minti 10 ko 15 tsakanin masu bin hanya ɗaya a tsayi ɗaya, gwargwadon kayan aunawar da ke hanyar. Wanda ya saba rubuta takardunsa daidai zai ci gaba da aiki, wanda ya dogara da allo kuwa ya makance.

Ranar 1 ga Yuli 2002 jirgin fasinja na Rasha da na kaya na DHL suka yi karo a saman Überlingen ta Jamus, mutum 71 suka rasu. Kwanturola ɗaya ne ke riƙe da kujeru biyu cikin dare, ana gyaran na'urori, gargaɗin karo na allonsa ba ya aiki, wayarsa ma haka. Na'urar kauce wa karo ta cikin jirgin Rasha, TCAS, ta ce ya hau, kwanturola ya ce ya sauka, matuƙan suka bi kwanturola. Ƙa'ida yanzu a fili take: matuƙi na bin na'urar, kuma da zarar ya sanar, kwanturola ya daina ba shi umarnin da zai sauya tafiyarsa har sai ya ce ya fita daga haɗari. Sanin lokacin janye hannu ma ƙwarewa ce.

Ina sa tabarau. Zan ci gwajin lafiya?

Za ka iya. Takardar lafiyar kwanturola ita ce ta aji na 3. Ana son ganin nesa 6/9 a kowane ido, 6/6 idan an haɗa biyun, ko da tabarau ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin bambanta launi, domin allo da fitilun fili duk da launi suke magana, har fitilar da hasumiya ke haska wa jirgin da rediyonsa ya mutu: kore tsayayye ya sauka, ja tsayayye ya ci gaba da kewaye. Da yawa ba su san suna da matsalar ba sai ranar gwaji, don haka ka je asibitin ido tun kafin ka sa rai. Ana gwada ji, zuciya, hawan jini da suga. Farfaɗiya na hanawa, haka in'ina mai tsanani. Takardar tana aiki wata 48, bayan shekara 40 ta koma wata 24.

Kayan maye babu zancensu, har tiramadol da kodin. Ko maganin mura mai sa barci sai ka tambayi likitan jirage kafin ka sha ka hau kujera.

Yaya batun aikin dare da gajiya?

Sama ba ta rufewa, aiki karɓa-karɓa ne, har ranar Sallah. Hankali ya fi yin rauni tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba, kuma kuskure ya fi shigowa lokacin da jirage suka ragu bayan cunkoso, jiki ya saki. A Birtaniya ba a wuce awa biyu a kujera ba tare da hutun rabin awa ba. Mai yin wata sana'a da rana ya zo aikin dare yana wasa da rayukan mutane. Cikin azumi sai an tsara barci da gangan, don sahur da sallar dare na cinye shi. Salla kuma ana yinta ne idan mai canji ya zo, ba a barin kujera babu kowa.

Miƙa aiki da kansa wuri ne mai haɗari. Mai karɓa ya zo da wuri ya tsaya yana kallo, a gaya masa titin da ake amfani da shi, yanayi, na'urar da ta lalace, da kowane jirgi da abin da aka yi masa alkawari. Mai tashi kuma ya ɗan dakata a baya kafin ya tafi.

Mace na iya yi?

Ƙwarai, kuma suna yi a Najeriya da sauran ƙasashe. Babu sharaɗin da ya shafi ƙarfin jiki. Abin da za ki tattauna da gida tun farko shi ne kwanan aiki da yiwuwar canjin gari.

Ina ake koyo, kuma me ke kayar da ɗalibai?

A Najeriya kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta ASECNA, ana shiga ta jarrabawar gasa. Ana karanta dokokin sama, yanayi, ilimin hanya, sanin jirage da halayyar ɗan Adam a bakin aiki, sannan na'urar kwaikwayo. Lasisi sai an cika shekara 21, an kuma yi aƙalla wata uku ana aiki da jiragen gaske ƙarƙashin malami mai iya karɓe magana a kowane lokaci. Amurka ma sai ɗan ƙasa da shekara 31 take ɗauka, ta yi masa ritaya a 56.

Ba a aji aka fi faɗuwa ba. Mai haddar littafi yakan ci jarrabawar takarda, ya zo na'ura ya daskare yana neman amsa mafi kyau, alhali ana son amsa mai aminci yanzu. Wani ya ƙura wa matsala ɗaya ido ya bar sauran allon. Wani ya yi kuskure ya ci gaba da tunaninsa har ya yi na biyu. Wani kuma ba ya jure gyara, kuma a wannan horo bayan kowane zama sai an zauna an lissafa maka abin da ka ɓata.

Me zan fara yi tun daga gida?

Haddace haruffan rediyo daga Alfa zuwa Zulu, ka riƙa karanta lambobin motoci da su. Naɗi muryarka a waya kana karanta lambobi, ka saurara, ka rage gudu: ba a so a wuce kalma 100 a minti. Buɗe manhajar Flightradar24 mai nuna jiragen da ke sama a kan taswira, zaɓi jirage biyu masu dosar Abuja, ka ƙiyasta wanda zai riga sauka da tazarar minti nawa, sannan ka duba. Sa wani ya karanto maka lambobi masu rukuni uku, kamar tsayi da alƙibla da gudu, ka maimaita su kana rubuta wani abu dabam. In ka iya uku, a ƙara na huɗu, a kunna rediyo a gefe.